Jamusancin da na koya tsakanin aji, zaure da gonar riɗi

Ina aji huɗu na sakandare, zango na biyu, aka turo mana wani mai yi wa ƙasa hidima. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce, a wani ƙauye cikin ƙasar Gumel, kuma babu Jamusanci a jadawalinmu, ko sunansa ba a taɓa ambata mana ba. Turanci aka ba shi ya koyar, amma abin da ya karanta a Jami'ar Ibadan Jamusanci ne. A bayan idonsa Kofa muke ce masa, a gabansa kuwa Malam. Wata Laraba bayan an kaɗa ƙararrawar tashi, ya ce duk mai sha'awar koyon wani sabon yare ya dakata. Mu 23 muka tsaya, yawancinmu don kashe ƙwarƙwatar ido, wasu kuma saboda suna goyon bayan Bayern Munich a gidan kallo. Kafin a yi hutu mun koma mu 6. Kafin damina ta sauka saura ni da wani abokina.

Abin da ya riƙe ni tun ranar farko ba gaisuwar da ya rubuta a allo ba ce. Labari ne. Ya tambaye mu ko mun san wani Bajamushe ya taɓa ratsa ƙasar nan tamu tun kafin zuwan Turawan mulki, muka ce ba mu sani ba. Ya ce sunansa Heinrich Barth, amma Abdulkarim yake kiran kansa a hanya. Ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, daga nan ya biyo ta Gumel ya nufi Kukawa, yana jin Larabci, yana jin Hausa, yana rubuta duk abin da idonsa ya gani. Da zai koma a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda ya zauna da wani Bajamushen, Schön, suka yi ta aikin rubuta Hausa. Dorugu ya dawo gida daga baya, a Kano ya rasu a 1912. Da na taso a ranar, ina tafe a kan burtali ina tunanin mutumin da ya baro Hambug ya zo ya koyi harshenmu har ya yi ciniki da shi a kasuwa. Na ce ashe hanyar nan an taɓa bin ta, daga can zuwa nan. To me zai hana a bi ta daga nan zuwa can?

Watanni biyun farko sun zo da sauƙi. Gaisuwa, ƙirga, sunayen ranaku, ina ka fito, shekarunka nawa. Furuci ma wani ɓangarensa bai ba ni wahala ba, abin da ya ba Malam mamaki. Sautin ch na cikin Buch, wanda ya ce ya daɗe yana fama da shi a jami'a, ni kha ɗin Larabci na ji, wanda muke fitarwa a khairun tun muna 'yan makarantar allo. R ɗinsu na maƙogwaro kuma ɗan'uwan gain ne na cikin ghairi. Inda na sha wuya shi ne p da f, ciwon da duk Bahaushe ya sani. A wurinmu ko ka ce fasfo ko paspo an gane ka. A wurinsu Pass fasfo ne, Fass kuma ganga. Malam ya yago 'yar siririyar takarda daga bayan littafina, ya ce in riƙe ta dab da leɓena. In na ce p daidai, takardar za ta yi tsalle lokaci guda saboda iskar da ta fashe. In f ce, sai dai ta ɗan karkata a hankali. Na yi mako uku da wannan takarda a aljihu. Sannan aka zo kan Pfeffer, inda haruffan biyu suka haɗu wuri ɗaya, sai ka rufe leɓe ka buɗe shi a kan haƙora cikin numfashi guda. Ü kuma ya ce in tsuke baki kamar zan ce u, amma in ce i. Ba ƙaramin abu ba ne, don Mutter uwa ɗaya ce, Mütter iyaye mata ne, ɗigo biyu ne kawai tsakaninsu.

Sai muka iso inda jama'a suka watse. Kowane suna a Jamusanci yana da jinsi, kuma jinsin uku ne: der, die, das. Wannan bai firgita ni ba sosai, tunda mu ma muna da namiji da mace a komai, har na ji daɗi da na ga rana mace ce a wurinsu, die Sonne, wata kuma namiji, der Mond, kamar dai yadda muke cewa rana ta faɗi, wata ya tsaya. Yarinya ce kawai ta ɗaure mini kai, das Mädchen, ba namiji ba mace, sai da aka gaya mini duk kalmar da aka ƙara wa chen na ƙanƙantawa haka take. Abin da ya tsayar da ni cak shi ne der ɗin nan ba ya zama wuri ɗaya. Yau der, gobe den, jibi dem, gata des, kuma abu ɗaya ake nufi. Malam ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma da Turanci yake bayani, Turancin kuwa ba shi da irin wannan canji a jikin sunaye, ga namu Turancin ma da sauran gyara. Ya zama ana auna mana abin da ba mu sani ba da mudun da ba mu riƙe da kyau ba. Na haddace jadawalin tsaf, gida 16, ina iya karanto shi ido rufe, amma in aka ce in gina jimla sai in yi ta canki-canka. Na kusa wata biyu a haka, har na fara tunanin bin sahun waɗanda suka bari.

A zaure aka warware mini, ba a aji ba.

Bayan sallar isha muna ɗaukar karatu wurin wani dattijon malami a unguwarmu, kuma a lokacin mun shiga nahawu. A daren da nake magana, fitila ɗaya ce a tsakiyar tabarma, ƙwari na ta kewaya ta, Malam ya kawo misalin nan da kowane ɗalibin nahawu ya sani: ɗaraba Zaidun Amran, wato Zaidu ya doki Amru. Ya ce ko ka gabatar da Amru ka jinkirta Zaidu, wanda ya yi dukan bai canza ba, domin alamar tana jikin kalmar, ba a mazauninta take ba. Fa'ili, wato mai aikatawa, marfu'i ne, rufu'a yake ɗauka; maf'uli, wanda aka aikata a kansa, mansubi ne, nasaba yake ɗauka. Sai na ji gabana ya faɗi. Na lalubo littafin Jamusancina a cikin jaka, na buɗe inda aka rubuta Der Hund beißt den Mann, kare ya ciji mutum, a ƙasa kuma Den Mann beißt der Hund, wanda na daɗe ina fassara shi da mutum ya ciji kare, ana soke mini da jan biro. Ashe i'irabi ne, wato canjin alamar da ke nuna aikin kalma a cikin jimla. Der rufu'a ce, den nasaba ce. Larabawa sun sa alamar a wutsiyar kalma, Jamusawa sun sa ta a 'yar kalmar da ke gabanta.

Malam ya lura hankalina ya bar wurin. Ya ce, "Kai yaro, me kake dubawa a littafin boko ana karatu?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, i'irabi na gani a yaren Jamus."

Ya ce in matso da fitila. Na karanta masa jimlolin biyu, na nuna masa inda alamar take. Ya yi shiru, sannan ya tambaya, "Suna da harufan jarri?" Na ce akwai wasu ƙananan kalmomi, mit, nach, aus, bei, von, zu, seit, duk sunan namiji da ya biyo bayansu sai der ɗinsa ya koma dem. Ya gyaɗa kai ya ce to ai ka samu majruri. Ya sake tambaya ko suna da mulafi da mulafun ilaihi, na ce das Haus des Mannes, gidan mutumin. Ya ce, "To me ya rage maka? Je ka yi karatunka."

Ba wai komai ya yi daidai kamar an gwada ba. Larabci hali uku yake ba suna, Jamusanci huɗu, domin abin da jarra ta haɗa su sun raba shi biyu. Akwai kuma ƙananan kalmomi irin su für da ohne da gegen waɗanda nasaba suke jawowa, ba jarra ba, da wasu tara da suke canza hali dangane da ko motsi ake zuwa wurin ko zaune ake a cikinsa. Amma ƙofar ta riga ta buɗe. Daga wannan dare na daina bi ta Turanci. Na sayi sabon littafi mai shafi 80, na raba kowane shafi gida uku: Jamusanci, Hausa, Larabci. Kuma da na fara kallon yaren da idon Hausa, sai na yi ta tsintar dangi. Mu muna bambanta fita da fito, shiga da shigo, kai da kawo. Su ma suna da hin da her, wanda ya nufi can da wanda ya nufo nan. Ƙananan kalmomin da littafi yake cewa ba su fassaruwa, doch, mal, ja, denn, ai su ne mana da dai da fa da kuwa. Komm doch, zo mana. Ƙirgarsu da ke sa ɗaya kafin ashirin, einundzwanzig, ita ce wahidun wa ishruna. Sie da ake ce wa babba ko baƙo, du da ake ce wa aboki, wanda ya tashi yana ce wa mahaifinsa ku ba ya buƙatar dogon bayani a kansu. Ina da yaƙinin cewa yaran da suka gudu daga ajinmu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. An biyo da su ta doguwar hanya ne alhali ga gajeriya a bakin ƙofarsu.

A gida kuwa sai da aka yi magana. Wasu 'yan'uwa sun kai wa Baba zancen cewa ina koyon yaren Nasara na biyu, ɗaya bai ishe ni ba. Baba mutum ne mai rediyo, ya daɗe yana sauraron sashen Hausa na Muryar Jamus, wanda aka buɗe tun 1963, har yakan ce ya san lokacin da suke cewa daga Kolon suke magana kafin su koma Bon. Bai hana ni ba, amma bai sake ba, sai da ya je ya sami Malam na zaure. Malam ya tuna masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu. Da Baba ya dawo abin da ya ce kawai shi ne, "Kada ya taɓa maka sallah, kada ya taɓa maka gona." Na ce, "In Allah ya yarda, Baba, ba za ku ga haka ba."

Shekarar hidimar Kofa ta ƙare ina farkon aji biyar. Ya bar mini littattafai biyu, ƙaramin ƙamus wanda bangonsa ya rabu, da katin waya cike da sautuka. Ya kuma zana mini matakan iya yaren a bayan takarda: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Ya ce ina bakin ƙarshen A2, kuma daga nan hawan yake tsananta. Abokina ya ɗan ƙara watanni tare da ni, daga baya ya bi yayansa harkar dabbobi a kasuwar Maigatari. Na rage ni kaɗai.

Wannan shekarar ita ce ainihin karatun, kuma babu abin burgewa a cikinta. Yayana ya ba ni tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi. Caji wurin mai sola a bakin kasuwa. Sabis kuma sai an je bayan firamare, wurin wata kuka, nan ne yake kamawa. Nakan sayi datar dare mai rahusa, in fita bayan sha biyu in sauke darussan da DW, wato Muryar Jamus, take bayarwa kyauta, na mako guda a dare ɗaya. Kalmomi kuma na yanka kwalin sukari ƙanana-ƙanana: shuɗin biro na der, ja na die, fensir na das, a bayan kowanne ma'anarsa da jam'insa, tunda jam'insu kamar namu yake, ba shi da ƙa'ida ɗaya, sai dai ka haddace kowace kalma da nata. Goma nake zubawa a aljihu kullum da safe. A gona, in na kai ƙarshen kunya na miƙe don in huta, sai in zaro ɗaya.

Akwai abin da ya dame ni da littattafan, har yanzu kuma yana damuna. Duk an rubuta su ne kamar mai koyon yana zaune a Jamus: yadda za ka nemi hayar ɗaki, yadda za ka karanta jadawalin jirgin ƙasa, kwandon da ake zuba kwalba da wanda ake zuba takarda. Na iya bayanin dusar ƙanƙara, ban iya cewa mun yi huɗa ba. Sai na ɗauki ƙamus na nemo kayan gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Die Hirse gero, der Sesam riɗi, die Hacke fartanya, der Brunnen rijiya, der Esel jaki, die Ziege akuya. Na fara rubuta layi biyar kowane dare a kan abin da ya faru a ranar: an yi ruwa, an sa taki, tunkiya ta haihu, an kai amarya. Ranar Juma'a in ɗauki hoton shafin in tura wa Kofa ta WhatsApp, shi kuma ya maido da gyara in ya samu sarari, wani lokaci bayan kwana biyu, wani lokaci bayan mako uku. Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa karɓar ko sisina ba. A wannan rubutun dare ne na saba da jefa aikatau can ƙarshen jimla bayan weil da dass, da raba aikatau biyu a sa kansa a gaba wutsiyarsa a baya, kamar Ich rufe dich morgen an, zan kira ka gobe. A nan ne kuma na gane cewa wenn ich Geld hätte, würde ich fahren ba wani abu ba ne illa da ina da kuɗi da na tafi.

Da na shiga aji shida Kofa ya ce lokaci ya yi da zan gwada jarrabawar B1 ta Cibiyar Goethe mai koyar da Jamusanci, a Legas. Ana yin rajista ta intanet, gurabe kan cika da wuri, kuma sai da takardar shaida mai hoto. Kuɗin jarrabawa da na mota ba abin da ɗan sakandare zai fitar ba ne. Baba ya ba ni wani yanki na gona na shuka riɗi da hannuna, aka yanke, aka kafa shi ya bushe, aka kaɗe, na kai kasuwa. Bai kai ba. Inna ta sa aka kama tunkiyarta aka sayar, ta ƙulle kuɗin a gefen zane ta miƙo mini da dare, ta ce, "Ungo, ka je ka dawo lafiya. Ban san abin da kake karantawa ba, amma na ga ba ka wasa."

Daga ƙauye zuwa Gumel, daga Gumel zuwa Kano, daga Kano motar dare zuwa Legas. Ban taɓa wuce Kano ba sai ranar. Na sauka wurin Kawu, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, na kwana biyu a rumfarsu ina bita cikin hayaniyar masu sauke kaya.

Jarrabawar kashi huɗu ce, kowane kashi maki 100, kuma sai ka sami 60 a kowanne, ba a haɗa su a raba. Karatu minti 65. Saurare kamar minti 40. Rubutu awa ɗaya, aiki uku: wasiƙa ga aboki da bayyana ra'ayi, kowanne kalma 80, sai gajeriyar wasiƙar girmamawa mai kalma 40. Magana kuma mutum biyu ake haɗawa, a ba ku minti 15 na shiri. Karatu da rubutu na ji su kamar ina bayan firamare. A magana aka haɗa ni da wata ma'aikaciyar jinya daga kudu, ta girme ni nesa ba kusa ba. Aka ce mu tsara yadda za mu je duba wani ɗan ajinmu a asibiti. Bakina ya ƙi ce mata du, sai na fara da Sie, ita kuma ta yi murmushi ta bi ni a haka. Da aka zo jawabi, batun da na zaɓa shi ne ko ya dace yara su riƙe waya. Akwai gurbin da ake so ka faɗi yadda abin yake a ƙasarku. Nan na ajiye jimlolin da na haddace, na ba su labarin mai sola da kukar bayan firamare da datar dare. Na ga ɗaya daga cikin masu jarrabawar ta ɗago kai daga takardarta tana saurare. Layi biyar ɗin nan na kowane dare su ne suka yi mini rana.

Saurare ne ya kayar da ni, kuma tun a ɗakin na sani. Kashi na farko da na huɗu sau biyu ake sa su, amma na biyu da na uku sau ɗaya tak. Ni kuwa na saba da wayata, inda nake mayar da magana baya sau biyar in ban ji ba. Ga shi jarrabawar an tsara ta ne tare da 'yan Ostiriya da Suwizalan, don haka ba lafazin Jamus kaɗai ake ji ba. Wata murya ta zo da wani irin karin harshe da ban taɓa ji ba, kafin kunnena ya zauna a kanta an wuce tambaya biyu. Sannan lokaci: halb acht, wanda a zahiri rabin takwas ne, bakwai da rabi suke nufi. Na san wannan sarai a takarda. Amma da aka faɗe shi da gudu a tsakiyar sanarwar tashar jirgi, hannuna takwas da rabi ya zaɓa.

Sakamako ya fito ina gida. Karatu 83, rubutu 78, magana 71, saurare 57. Tambaya 30 ce, ana neman 18, na sami 17.

Na je bayan firamare na zauna a gindin kuka har la'asar ta yi sanyi. Tunkiyar Inna kawai nake gani. Da na shiga gida na gaya mata, ta ce, "Uku ka ci, ɗaya ya rage?" Na ce e. Ta ce, "To ai ba a fasa gini don bulo ɗaya." Kuma gaskiyarta, domin tsarin jarrabawar ya yarda ka sake kashin da ka faɗi shi kaɗai, sauran ukun suna nan a matsayinsu.

Na canza salon karatu gaba ɗaya. Na gane cewa shekara biyu da ido nake koyon yaren, kunne yana biye a baya. Na ajiye kwalayen sukari. DW tana da labaran duniya da ake karantawa a hankali saboda masu koyo, tare da rubutunsu. Kullum bayan asuba sai in saurari labari ɗaya ba tare da na kalli rubutun ba, in rubuta abin da na ji kalma bayan kalma kamar shifta, sannan in buɗe in gwada. Ranar farko rabin shafin ramuka ne. Bayan wata guda na koma sauraron labaran da saurinsu na asali. Na sa wa kaina doka: sau ɗaya, ba mayarwa. Na nemo hirarrakin gidajen rediyon Ostiriya da Suwizalan ina sa su a kunne a hanyar makaranta, ko ban gane ba, don kunne ya saba da kiɗan. Ƙanena kuma na ba shi aikin rubuta lokuta da lambobi a takarda, in karanta su da Jamusanci in ɗauka a waya, bayan kwana uku in saurara in rubuta. WAEC da NECO suka shigo tsakani, na rage zuwa minti 20 a rana, amma ban yanke ba ko sau ɗaya. Bayan mun gama NECO na sake hawa motar dare, wannan karon da kuɗin da na tara a aikin lebura da abin da Kawu ya cika. Minti 40 na zauna a ɗakin bayan tafiyar kwana da wuni. Na sami 73.

Ga ƙannena da ke tambayata, ina gaya musu gaskiya: B1 tsakiyar hanya ce. Wanda yake son karatun jami'a da Jamusanci sai ya kai wajen C1, ya ci jarrabawa irin TestDaF ko DSH. Yawancin jami'o'in gwamnati a can ba su karɓar kuɗin karatu, ban da jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba, amma kafin a ba ɗalibi biza sai ya nuna abin da zai ci da kansa, wanda a 2024 aka sa shi Yuro 11,904 na shekara. Wannan ba kuɗin riɗi ba ne. Duk wanda ya ce maka yare kaɗai zai ɗauke ka ya kai ka Jamus bai gaya maka duka ba. Ni yanzu B2 nake yi wa shiri, inda rubutu ya koma minti 75, jimloli suka yi tsawo, kalma ɗaya takan haɗiye kalmomi uku ko huɗu, sai ka fara daga ta ƙarshe ka warware ta baya-baya kamar igiya. Ranar Asabar kuma yara 7 suna zuwa ƙofar gidanmu, ciki har da mata biyu, kuma ba na fara musu da jadawali mai gida 16. Da Zaidu da Amru nake farawa.

Ranar da takardar ƙarshe ta iso hannuna, bayan isha na kai wa Malam zaure. Ya sa tabarau, ya juya ta gaba da baya a hasken fitila, ya shafa hatimin da yatsa. Ya sa mini albarka, ɗalibai suka shafa. Na yunƙura zan tashi, ya ce in dakata. Ya jawo tawada da alƙalami da wata 'yar farar takarda, ya ce, "Waɗannan alamomin nasu guda huɗu, faɗo mini su a hankali." Na ce der, ya rubuta da ajami, ya sa rufu'a a gefe. Na ce den, ya sa nasaba. Na ce dem, ya sa jarra. Da na ce des ya ɗaga alƙalamin ya ɗan yi tunani, sannan ya rubuta ilafa a gabanta. Ya hura takardar ta bushe, ya ninke ta biyu, ya sa ta a tsakiyar littafin nahawunsa, ya ce wa na kusa da shi ya ci gaba daga inda aka tsaya.